Hanyar Zama Masanin Zamantakewar Al'umma

Ilimin zamantakewar al'umma, wanda ake kira Soshiyoloji a jami'o'i, shi ne nazarin yadda mutane ke zaune da juna: aure da saki, talauci, ƙaura daga karkara zuwa birni, aikata laifi da makamantansu. Bafaranshen nan Auguste Comte ne ya raɗa masa suna a ƙarni na 19, kodayake masana da dama na ganin Ibn Khaldun ya riga shi share fagen da littafinsa Muƙaddima a shekarar 1377.

Ɗalibin da ke da sha'awar fannin yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, kuma jami'o'i da yawa na neman Lissafi. Daga nan sai jarrabawar JAMB, inda zai rubuta Turanci da darussa uku na sashen zamantakewa ko fasaha, kamar Gwamnati, Tattalin Arziki da Labarin Ƙasa. Digirin farko shekara huɗu ne. Mai takardar IJMB ko NCE ko difloma na iya shiga aji biyu kai tsaye, ya gama a shekara uku. Ana koyar da fannin a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Muna jan hankalin iyaye da ɗalibai kan wani kuskure da ya yaɗu. Da yawa na zaɓen wannan fanni ne don gudun lissafi, alhali kuwa akwai darussan ƙididdiga da dabarun bincike a cikinsa, kuma su ne jarin mai digirin. Wanda ya iya tsara tambayoyin bincike, ya shiga ƙauye ya tattauna da jama'a cikin harshensu da ladabin da ya dace, sannan ya tace bayanan a kwamfuta ya rubuta rahoto, shi masu ɗaukar aiki ke nema. Wanda ya haddace sunayen masana kawai, yakan daɗe riƙe da takarda.

Bayan hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, ana ɗaukar masu digirin a aikin gwamnati a mataki na 8. Wuraren sun haɗa da ma'aikatun harkokin mata da walwalar jama'a, Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NDLEA, NAPTIP, da Hukumar Gidajen Gyaran Hali, wadda aka sauya wa suna daga hukumar gidajen yari a 2019. Ƙungiyoyin agaji ma na ɗauka, sai dai galibi aikin kwantiragi ne mai wa'adi.

Amma cikakken masani, mai koyarwa a jami'a da jagorantar bincike, sai ya ƙara da digiri na biyu da na uku, wato aƙalla wasu shekaru huɗu zuwa biyar. Masu wannan niyya su tuntuɓi hukumar tallafin karatu ta jiharsu tun da wuri.