Dogon da Bai Iso Ƙonni Ba

Duk wanda ya tsaya rabin yini a bakin babbar hanyar da ta ratsa Birnin Ƙonni zai ga arzikin wannan yanki yana wucewa bisa taya. Ga manyan motoci shaƙe da albasar Galmi sun nufi Abijan da Akara, ga na siminti daga masana'antar Malbaza wadda ke aiki tun 1966, ga kuma waɗanda ke gangarowa daga Agadas da Tawa ta mararrabar Tsarnawa. Kaya ne masu nauyi da ake kaiwa nesa, irin waɗanda dominsu aka ƙirƙiro jirgin ƙasa. Amma yau fiye da shekara ɗari ke nan ana zana layin dogo a takarda zuwa wannan ƙasa, ba a shimfiɗa ko taku ɗaya a Ƙonni ba.

Tushen al'amarin yana ga iyaka. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, Ƙonni ta faɗo a rabon Ingila. Sai Faransawa suka tarar ba su da hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, suka nemi gyara, aka sake shata iyakar a 1904 da 1906, Ƙonni ta koma hannunsu. Tun daga ranar, garin da tazararsa da Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba ya zama dole ya nemi bakin teku ta wata ƙasa mai nisa.

Kowane ɗaya daga cikin masu mulkin biyu ya jawo dogonsa daga tashar ruwansa. Na Ingilishi ya iso Kano a 1911, wani reshe kuma ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, shekarar da tattalin arzikin duniya ya karye. Nan ya tsaya, bai ko ga Sakkwato ba. Na Faransawa an fara shi daga Kwatano a 1900, ya yi ta rarrafe har ya kai Faraku a 1936 bayan kilomita 438, shi ma ya tsaya, alhali da niyyar kaiwa bakin Kwara aka ɗauko shi. Ƙonni ta zauna tsakanin waɗannan kawuna biyu da suka dakata. Da ma sun haɗu a cikinta, da ba su gaisa ba: faɗin dogon Faransawa mita ɗaya ne cif, na Ingilishi kuwa milimita 1,067. Bambancin bai kai faɗin tafin hannu ba, amma ya isa ya hana tarago ɗaya ƙetarewa.

Abin da ya fi damun Faransawa shi ne gyaɗar Maraɗi da Damagaram, wadda ke sulalewa zuwa Kano ta hau jirgin Ingilishi zuwa Ikko. A shekarun 1950 suka fito da shirin da suka kira Hirondelle, wato tsattsewa, inda aka tallafa wa manyan motoci su riƙa hauro da kaya daga Faraku, su koma da gyaɗa. Gyaɗar ta riƙa bi ta Ƙonni da Dosso da Gaya. A 1959 Dahome da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa, wadda daga baya aka sani da OCBN. Nijar ta zama mai rabo a kamfanin reluwe ba ta da ko tasha ɗaya a ƙasarta. Da kuɗin yuraniyom suka shigo a shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, kwalta aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit, ma'adinin ya bi sawun gyaɗa a bayan mota har Faraku. Dabarar wucin gadi ta zama tsari, masu motoci kuma suka zama ƙarfin da kowace gwamnati ke shakka.

Mutumin da ya fi kowa ƙwallafa rai ga sauya wannan hali ɗan yankin ne. An haifi Mahamadou Issoufou a Dandaji, cikin gundumar Illela, kuma injiniyan ma'adinai ne da ya yi aiki a Arlit, saboda haka ya san kuɗin da mota ke ci tsakanin rami da teku. A ranar 7 ga Afrilu 2014, tare da shugabannin Benin da Togo, ya buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai. Attajirin Faransa Vincent Bolloré ya yi alkawarin zuba kuɗinsa a wani babban zobe na dogo da zai haɗa Abijan da Wagadugu da Yamai da Kwatano da Lome. A lokacin kamfaninsa ne ke riƙe da tashoshin kwantena a waɗannan gaɓoɓin teku, don haka ba a buƙatar dogon bincike kafin a gane inda ribar take.

Gaggawa ce ta lalata aikin. An fara shimfiɗa ƙarfe tun kafin a sa hannu a yarjejeniyar ba da amana, wadda ba a ƙulla ba sai a Agusta 2015. An kuma fara daga Yamai maimakon Faraku, aka sami guntun dogo da bai haɗu da komai ba, har ƙarafan da taragun sai da mota ta kawo su. Sannan ga wani mai haƙƙi da aka tsallake: kamfanin Petrolin na ɗan kasuwar Benin Samuel Dossou ya riga ya ci kwangilar layin Kwatano zuwa Yamai tun 2010. Ya kai ƙara, a Nuwamba 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta umurci a dakatar da aiki a ƙasar Benin, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2017. Duk da haka an ƙaddamar da layin Yamai zuwa Dosso, mai tsawon kimanin kilomita 140, a ranar 29 ga Janairu 2016, saura mako uku a yi zaɓen shugaban ƙasa. An yi kiɗa, an yi jawabai, jirgin bai shiga jigilar kasuwanci ba. A 2018 Shugaba Patrice Talon na Benin ya nemi ɓangarorin biyu su janye a ba ƴan Sin, a ƙarshen 2022 kuma Bolloré ya sayar da harkar sufurinsa ta Afirka ga kamfanin MSC. Tsakanin Dosso da Ƙonni akwai sauran kilomita kusan 280.

Ta kudu ma an sha ɗaga wa Ƙonni rai. A zamanin Goodluck Jonathan an saka layin da zai tashi daga Zariya ya bi ta Ƙaura Namoda da Sakkwato da Illela ya ƙare a Birnin Ƙonni cikin jerin waɗanda za a yi nazari. (Wannan Illela ta jihar Sakkwato ce, wadda ke maƙwabtaka da Ƙonni, ba ta Adar ba.) Da lokacin fitar da kuɗi ya yi, gwamnatin Muhammadu Buhari ta zaɓi wata hanya: Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, kilomita 284, a kan kusan dala biliyan 2, aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal. An aza harsashi a Fabrairu 2021 da wa'adin shekara uku, wa'adin ya cika ba a gama ba. A tsakani an yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyakar Ƙonni da Illela har zuwa Maris 2024. Faɗin wannan sabon dogo milimita 1,435 ne, ma'auni na uku ke nan, wanda bai dace da na Dosso ba, bai dace da na Ƙaura Namoda ba.

A Oktoba 2024 aka yi wani bikin ƙaddamarwa a ƙasar Illela, ƴan kilomitoci kaɗan daga kasuwar Ƙonni. Aikin da aka aza wa harsashi babbar hanyar mota ce mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wadda za ta kai Badagiri a bakin teku.