Takardun Ƙasar Gwandu da Masu Tara Su

A shekarar 1853 wani Bature mutumin Jamus, sunansa Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarimu, ya sauka Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Zamanin nan Halilu ɗan Abdullahi ke sarauta, shi kuwa mutum ne mai gudun duniya, bai yarda sun gana da baƙon ba. Amma wani malamin garin ya ara masa wani littafi na Larabci, rubutun hannu, wanda a ke kira Tarihus Sudan, mai ba da labarin sarakunan Songai da malaman Tambutu. Barth ya duƙufa kwanaki kaɗan yana kwafar abin da ya iya. Don gaggawa har ya zaci Ahmadu Baba ne ya wallafa shi, alhali kuwa na Abdurrahman Sa'adi ne. Abin da ya kwafa aka buga a Jamus cikin 1855, ta nan ne malaman Turai suka fara sanin littafin. Mai karatu ya lura, shi kansa Barth sai da ya yi kamar wata uku a hanya tsakanin Gwandu da Tambutu, amma ga littafin ya riga shi ƙetare wannan nisa, yana ajiye a ɗakin wani malami.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan a Gwandu, domin garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, ƙanen Shehu Usmanu, kuma can kabarinsa ya ke. Shi ya wallafa Liya'ul Hukkami a kan sha'anin mulki da shari'a, da Liya'ut Tawili a kan tafsiri, da Tazyinul Waraƙati, inda ya tara waƙoƙinsa ya haɗa da labarin jihadi. Almajiransa suka bazu cikin ƙasar, kowa da abin da ya kwafa da hannunsa. Ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, har ƙauyuka irin su Danwarai, duk cikin ƙasar Gwandu su ke.

Ya kamata a san yadda littafin dā ya ke, don a gane dalilin da ya sa ya ke saurin lalacewa. Ba a ɗinke shi. Warƙa warƙa ne, a jera su cikin tadarishi, a ɗaure, a sa cikin gafaka. A ƙasan shafi marubuci ya kan rubuta kalmar da za ta fara shafi na gaba, don in sun watse a iya mai da su. Takardar kuwa yawancinta daga Italiya fatake ke kawo ta, ta Tarabulus, su ƙetaro hamada da ita. In aka ɗaga wata wajen haske, sai a ga alamar jinjirin wata guda uku a cikin jikinta. Masana su kan duba irin wannan alama su kimanta zamanin da aka yi rubutun. A ƙarshen littafi sau da yawa mai kwafa ya kan faɗi sunansa da na wanda ya rubuta dominsa, wani lokaci har da ranar da ya gama. Wannan warƙa ta ƙarshe ita ce ta kan fara ɓacewa, ita da ta farko, gama su ne a waje.

Abokan gāban takarda kowa ya san su: gara, da ɓera, da yoyon damina, da gobara. Akwai kuma wanda ya fi su ɓarna, ba a cika ambatonsa ba, watau rabon gado. Malami ya rasu, a raba littattafansa tsakanin magada, wani ma ba ya karatu, sai ya rataye rabonsa a rufin ɗaki, ba mai sake buɗewa sai ya zama gari.

A Sakkwato gidan Waziri ne ya fi kowa kiyaye takardu, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, domin ta hannun Waziri wasiƙun sarakuna ke bi. Da Turawa suka ci garin a 1903 sun tarad da wasu wasiƙu a gidan, wani jami'insu mai suna Backwell ya fassara su aka buga a 1927. Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya rasu a 1997, ya ƙare rayuwarsa yana tarawa yana kuma buɗe wa masu bincike ƙofa. A wurinsa Murray Last ya yi karatun da ya zama littafinsa na tarihin daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, daga gidan ne kuma Jean Boyd ta sami rubuce-rubucen Nana Asma'u. Hukumar tarihi da al'adu ta Sakkwato sunansa ta ke amsawa. Hukumomi ma sun yi nasu: ɗakin karatu na jami'ar Ibadan ya tara littattafan Larabci tun wajen 1955, aka buɗe ma'ajiyar takardun gwamnati a Kaduna, sa'an nan Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a 1970. Dabarar da ta fi karɓuwa ga malamai ita ce a ari littafi, a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi. Sun kuwa yi gaskiya da suka yi ta noƙewa, don wanda ya taɓa ba da aro bai dawo ba, da wuya ya sake.

Kabawa su kuma ta wata hanya suka bi. Da Sarkin Kabin Argungu ya koma sabon gida a 1942, tsohuwar fada ta zauna ba kowa, sai aka mai da ita gidan ajiye kayan tarihi a 1958, aka sa mata sunan Kanta. Can a ke ganin māsu da takubba da baka da kwari da bindigogi da layu da tambura. Kufan Surame, birnin Kanta, da ganuwarsa ta dutse, su ma gwamnati ta sa su cikin wuraren da doka ta tsare. Wanda ya karanta littattafan Gwandu kaɗai zai ji labarin yaƙoƙin ƙarni na 19 daga baki ɗaya, sai ya je Argungu ya ga na ɗaya ɓangaren.

To, Jega fa? Nan ne zancen ya fi nauyi. Gimbanawa ne suka kafa garin, a ƙarƙashin Buhari ɗan Abdussalami. Abdussalami kuwa shi ne malamin nan na Gimbana wanda Gobirawa suka kai wa hari, abin da ya jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Daga baya ya saɓa da Muhammadu Bello, suka yi yaƙi a Kware, ya rasu a 1818. Mafi yawan abin da a ke karantawa a kan wannan saɓani daga littafin Bello ne, Sardul Kalami, watau alƙalamin wanda ya yaƙe shi. Bello malami ne mai kiyaye magana, amma duk da haka alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa. Abin da Gimbanawa suka riƙe, a takarda ko a bakin tsofaffi da maroƙa, shi ne sauran shaidar.

Haka kuma kasuwar Jega. A ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa, fatake na haɗuwa da kwalekwalen da ke hawowa daga Kwara. Manyan littattafai ba su damu da farashin goro ko gishiri ba, ba su faɗi wa ya sauki wa ba. Wannan sai a ƙananan takardu: wasiƙar fatake, da takardar bashi, da hukuncin alƙali, da jerin sunayen hakimai, da waƙar ajami da wani ya rubuta a bayan warƙa. Littafin Malam Abdullahi in ya ƙone a gida ɗaya, akwai kwafensa a wasu gidaje da yawa, an ma buga Tazyinul Waraƙati da fassarar Turanci a Ibadan tun 1963. Wasiƙa kuwa guda ɗaya ce tak.

Yanzu ɗaukar hoton takarda ya yi sauƙi, wayar hannu ma ta isa, ba sai an kai ta Kaduna ko Ibadan ba. Masu wannan aiki su kan ɗauki kowace warƙa gaba da baya, bi da bi yadda suka tarad da ita, su rubuta gidan da ta fito da garin. Ba su liƙa wadda ta yage da gam, ba su kuma cire ta daga cikin 'yan'uwanta, domin takardun da aka samu a gafaka ɗaya su kan nuna wanda ya mallake su da malamin da ya yi karatu a wurinsa.