Wa Ke Shaidar Digiri? Tarihin Jarrabawa da Tantance Karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya



Manomin Kudan ko na Hunƙuyi yakan kai rakensa kasuwar Maƙarfi ya sayar, ya tattara kuɗin ya biya wa ɗansa makaranta a Samaru. Bayan shekara huɗu ko biyar sai yaron ya komo gida da takarda guda ɗaya mai hatimi. Uban nan bai taɓa shiga ajin ɗansa ba, bai ga tambayoyin da aka yi masa ba, bai kuma san wanda ya duba amsoshinsa ba. Haka shi ma jami'in hukumar ɗaukar ma'aikata da ke Kaduna, wanda za a miƙa wa takardar a nemi aiki da ita. Dukansu biyu sun dogara ne a kan cewa akwai wani, a wani wuri, wanda ya bincika ya tabbatar abin da ke rubuce a takardar nan gaskiya ne. To, tarihin wannan mai shaida, da yadda ya yi ta sauyawa daga hannu zuwa hannu, shi ne abin da nake so mu bi a yau.

Ƙasar Hausa ba ta jira zuwan Turawa ba kafin ta san wannan matsala. Almajirin da ya sauke littafi a zauren wani malami na birnin Zazzau, malamin kan ba shi ijaza, watau izinin ya karantar da littafin, tare da jerin sunayen malaman da karatun ya biyo ta hannunsu har zuwa ga mawallafi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum, Ida'un Nusuki, don kawai ya lissafa waɗanda ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka a gun kowannensu. Haka kuma a fagen haddar Alƙur'ani, mutum ba ya naɗa kansa gwani. Sai ya rubuta Alƙur'ani da ka, gwanayen da suka riga shi sun bi rubutun, sun kuma saurare shi. Abin lura a nan shi ne, mai shaida mutum ne guda mai suna, wanda ya san ɗalibin ido da ido, in kuwa ɗalibin ya ba da kunya a bainar jama'a, sunan malaminsa ne ya zube.

Ilmin boko ya zo da tasa hanyar. Jami'ar Durham ta Ingila, wadda aka kafa a 1832, ta ga mutane ba za su yarda da sabon digirinta ba sai in wasu daga waje sun sa hannu, saboda haka ta riƙa gayyato malamai daga Oxford su zo su jarraba ɗalibanta. Daga nan al'adar mai jarrabawa na waje ta samo asali. Ita ce kuma jami'ar da Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo ta jingina da ita a 1876. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, bisa shawarar kwamitocin Asquith da Elliot waɗanda suka miƙa rahotanninsu a 1945, sai aka ɗaura ta a jikin Jami'ar Landan. Manhaja sai Landan ta amince, tambayoyin jarrabawa sai an daidaita su da malaman Landan, takardun amsa su ma sai sun gani, digirin da za a ba ɗalibi kuwa na Landan ne, har zuwa 1962. Masu kishin ƙasa na wancan zamani sun soki tsarin, sun ce ya takura wa manhaja, ya kuma sa ɗalibai kaɗan ne ke samun shiga. Sun yi gaskiya. Amma kuma babu wanda ya taɓa tambayar mai digirin Badun ko takardarsa ta gaske ce.

A nan Zariya, reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya shi ne ya riga jami'a zama a Samaru. A 1959 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamitin Sir Eric Ashby, wanda Shettima Kashim Ibrahim yana cikin 'yan Nijeriya ukun da suka zauna a cikinsa, ya kuma miƙa rahotonsa a 1960. Daga cikin shawarwarinsa akwai kafa jami'a a Arewa, akwai kuma kafa hukumar da za ta kula da jami'o'in ƙasar baki ɗaya. Ranar 4 ga Oktoba, 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe da ɗalibai 426 a tsangayoyi huɗu, ƙarƙashin Dokta Norman Alexander. Ita ba a jingina ta da Landan ba. Dokar da ta kafa ta ta ba Majalisar Malamanta, watau Sanet, ikon tsara karatu da jarrabawa da bayar da digiri. Sai tambaya ta taso: jami'a sabuwa ful, wa zai yarda da shaidarta a kan kanta?

Amsar ita ce mai jarrabawa na waje, kuma ina so mu ɗan tsaya a kansa, domin a ganina shi ne ginshiƙin martabar da digirin Zariya ya samu a zamanin Alexander da na Ishaya Audu, wanda ya gaje shi a 1966 ya riƙe jami'ar har 1975. Kowane sashe yakan zaɓi wani babban malami daga wata jami'a, ta cikin gida ko ta ƙetare, Sanet ta naɗa shi na 'yan shekaru. Kafin jarrabawar ƙarshe a aika masa da tambayoyi, ya gyara wadda ta yi sauƙi ainun, ya soke wadda ba a karantar da ita ba. Bayan jarrabawa ya taso ya zo da kansa, a ba shi ɗaki da tarin takardun amsa da kundayen bincike na ɗalibai. Yakan fi mai da hankali ga waɗanda ke bakin iyaka, watau wanda ya kusa samun daraja ta ɗaya, da wanda ya kusa faɗuwa. Wani lokaci ya sa a kira ɗalibin ya yi masa tambayoyi baki da baki. Sa'an nan ya zauna a taron masu jarrabawa, kana ya rubuta rahoto kai tsaye zuwa ga Shugaban Jami'a, ba ta hannun shugaban sashe ba. Wannan rahoto shi ne abin tsoro. Malamin da ya yi rowar maki don ƙiyayya, da wanda ya yi kyautarsa don son kai, kowannensu ya san akwai baƙon da zai karanta takardar nan a bayansa.

Ba a daɗe ba ita ma Zariya ta zama Landan ɗin Arewa. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano digirin Jami'ar Ahmadu Bello take bayarwa kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Cibiyar Nazarin Ilmi ta jami'ar kuwa ita ke daidaita jarrabawar manyan kwalejojin horon malamai na Zariya da Kano da waɗanda suka biyo bayansu, takardar shaidarsu ma da sunan jami'ar take fita.

Abin da ya karya wannan tsari abu biyu ne, yawa da talauci. A 1975 gwamnatin soja ta karɓe jami'o'in jihohi, har da ta Zariya, ta kuma kafa sababbi bakwai, cikinsu har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos. Tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi damar kafa nasu. Ajin da a da mutum ashirin ne a cikinsa ya koma ɗaruruwa, baƙo guda kuwa ba ya iya karance takardu ɗari biyar cikin kwana uku. Da kuɗin mai ya faɗi, aka kuma karya darajar naira a 1986, sai kuɗin jirgin mai jarrabawa daga ƙetare ya gagara, malaman waje suka tattara nasu ya nasu suka koma gida, 'yan ƙasa da dama suka bi su, odar mujallun ilmi ta yanke a ɗakunan karatu.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tun 1962 take, amma da fari shawara kawai take ba gwamnati a kan kuɗi. Dokar soja ta 1974 ta ba ta cikakken iko, Jibril Aminu ya zama babban sakatarenta. Ikon shiga aji kuwa sai a 1985 ta same shi, da Doka ta 16, wadda ta ɗora mata shimfiɗa mafi ƙarancin abin da kowane digiri zai ƙunsa, da kuma tantance kwasa-kwasan da ake koyarwa. A zamanin Idris Abdulƙadir, wanda shi ma daga Zariya ya tafi hukumar, aka tara malamai suka rubuta wannan ma'auni na fannoni 13, aka amince da shi a 1989, tare da tsarin zango biyu a shekara da tara maki kwas bayan kwas. A 1990 da 1991 aka yi zagayen tantancewa na farko. Cikin kwasa-kwasai fiye da 800 da aka duba, waɗanda suka sami cikakkiyar amincewa ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu ba.

Ga yadda aikin ke gudana. Sashe ya cika kundin bayanin kansa, sa'an nan hukuma ta turo ayarin farfesoshi daga wasu jami'o'i su yi 'yan kwanaki. Su duba manhaja, su ƙidaya malamai da muƙamansu, su shiga ajujuwa da ɗakunan gwaji da laburare, su ɗebi samfurin tambayoyi da amsoshi, su nemi rahotannin mai jarrabawa na waje. Kwas ɗin da ya ci 70 cikin 100, a jimla da kuma a manyan ɓangarorin, ya sami amincewar shekara biyar. Wanda ya gaza kaɗan a ba shi ta wucin gadi ta shekara biyu. Wanda ya faɗi a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Likitoci da injiniyoyi da lauyoyi kuma kowanne da majalisarsa mai zuwa nata binciken dabam.

Ba na cikin masu cewa wannan aiki banza ne. Shugabannin sassa da yawa ba su taɓa samun kuɗin gyaran rufi ko sayen littafi ba sai da aka ji ayarin tantancewa na tafe, kuma ƙasar da jami'o'inta suka haura 260 a 2024, bayan an buɗe wa masu zaman kansu ƙofa a 1999, ba ta iya zama ba ma'auni. Abin da ya fito fili a ƙarshen 2023, inda wani ɗan jarida ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida har ya shiga bautar ƙasa da shi, ya ishe mu misali. Amma dole a faɗi ɗaya gefen. Na taɓa zuwa wata jami'a, ba zan kama sunanta ba, ana saura kwana biyu baƙi su iso. Na tarar ana sauke littattafai daga motar wani malami ana jera su a laburaren sashe, an kuma manna sunayen farfesoshi biyu a ƙofofin ofisoshin da masinjan wurin ya ce mini bai taɓa ganin mai su ba. Mako na zagayowa littattafan suka koma gidan mai su. Ayarin bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya rubuta. Sai dai shi kujeru da kanta da sunaye aka aiko shi ya ƙirga, ɗalibi kuwa samfurin takardarsa kaɗai ya gani, shi ma wanda sashe ya zaɓo masa.

Ma'aunin 1989 an sake shi a 2007, aka kuma sake shi a Disamba 2022, zamanin Abubakar Rasheed. Wannan na ƙarshe ya ƙunshi fannoni 17, ya tsayar da kashi 70 cikin 100 na manhaja daga hukuma, ya bar wa Sanet ta kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. A sashen Hausa, alal misali, a nan ne za a iya sa nazarin rubutun ajami na zaurukan Zazzau, ko waƙoƙin noma na ƙasar Ikara da Kudan. To amma kwas ɗin da jami'a guda kaɗai ke koyarwa, ayarin da ya zo daga nesa ba shi da abin da zai gwada shi da shi. Nan sai an komo ga mai jarrabawa na waje, wanda ya san fannin, a biya shi haƙƙinsa a kan kari, a ba shi takardun ajin gaba ɗaya da kwanakin da za su ishe shi karantawa, a kuma karanta rahotonsa a zauren Sanet kafin a sa hannu a sakamako.