3.2 Shirun Masana a Kamfanin Chisso, Minamata (1956–1973)

A wannan sashe za a duba yadda shirun masana ya tsawaita annobar Minamata a ƙasar Japan. A shekarar 1956, Dakta Hajime Hosokawa, shugaban asibitin kamfanin sinadarai na Chisso, ya kai wa hukuma rahoton wata cuta mai lalata jijiyoyi, wadda ta fi addabar iyalan masunta. A 1959 ya riƙa zuba dagwalon masana'antar a abincin kyanwoyi, sai kyanwa mai lamba 400 ta kamu da cutar. Kamfanin ya dakatar da gwajin, shi kuwa ya yi shiru.

A ƙarshen shekarar aka kafa na'urar tace ruwa, alhali ba ta cire gubar zaiba da ke cikin dagwalon. Haka gubar ta ci gaba da kwarara cikin teku tana taruwa a jikin kifi har 1968. Sai a 1970, yana kwance yana jinya, Hosokawa ya ba kotu shaida. A 1973 waɗanda cutar ta kama suka yi nasara a shari'ar.

Bisa ga wannan, za a iya cewa haƙƙin jama'a a kan injiniya ko likita ya gabaci na mai biyansa albashi, domin shirun shekara tara da rayuka aka biya shi.