Keke a Bakin Kanal

Kafin ruwan Tiga ya iso ƙasar Kura, keke kayan ado ne. A ƙauyukan da yanzu suke ƙarƙashin Garun Mallam, masu shi a kirge suke: malamin makaranta, malamin gona, ɗan sarki, sai ɗan kasuwar da gyaɗa ta yi wa rana. Baffana, wanda ya yi shekaru yana faci a gindin wata darbejiya kusa da Kwanar Gafan, ya ce a yarintarsa mai keke samfurin Rali ba ya barinta ta kwana a waje. Ɗaki take kwana, an goge ta da tsumma, an naɗe ƙarfenta da leda mai launi, an ɗaura mata tuntu a kai. Har lasin ake yankar mata a wurin En'e, a maƙala ɗan ƙarfe mai lamba, wanda ba shi da shi kuma ya yi ta kauce wa ɗan doka ranar kasuwa. Kaya kuwa aikin jaki ne da mangala. Wanda ya ɗora wa Rali buhun dawa a wancan zamanin, sai a ce arziki ya zo wa wanda bai san darajarsa ba.

Gwamna Audu Bako ne ya gina madatsar Tiga, aka gama ta a 1974. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa ta babban kanal, ba inji ba famfo, ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi a Bunkure da Kura da Garun Mallam. A Kadawa aka fara gwajin noman, kashin farko na shirin kuma an tsara shi a kan hekta 22,000, daga baya Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamarsa. Ana yawan ba da labarin wannan aiki ta fuskar alkama da shinkafa da tumatir. Ni abin da na fi lura da shi, yadda ya sauya tafiyar mutane ne.

Da aka sake yanka gonaki aka raba, sai mutum ya wayi gari gonarsa ta rani tana nesa da gida. Ban ruwa kuma ba ya jiran kowa. In layinku ne da asuba, ko ka je ko maƙwabci ya karkatar da ruwan zuwa kwaminsa. Tumatir ma haka yake. Dawa za ta yi wata shida a rumbu ba ta ce uffan ba, amma kwandon tumatir da aka tsinka da safe, in ya wuce la'asar bai hau motar Legas ba, dillali ne zai yanka masa kuɗin da ya ga dama. Jaki ba shi da wannan gaggawar. Nan keke ta sauka daga ɗakin maigida ta shiga gona.

Lokacin ya dace da ita. Kamfanin Rali, wanda asalinsa na Nottingham ne a Ingila, a lokacin yana haɗa kekuna a nan Kano, ƙarin albashin Udoji kuma ya sa ma'aikata da yawa sun koma babur sun sayar da tsofaffin kekunansu. Bayan karyewar naira a 1986, Rali ta fi ƙarfin talaka, sai Phoenix ta Sin da Hero da Avon na Indiya suka cika kasuwa. Manomi bai bar ko ɗaya yadda kamfani ya ƙera ta ba. Abu na farko, a kai wa mai walda ya cire kariyar asali ya sa ta rodi. A ƙara wayoyi masu kauri a ƙafar baya. A cire madigadi, don laka tana cushewa a ciki ta riƙe taya. Birki in ya cinye, sau da yawa ba a sake shi. Silifas ɗin mai keken ne birki.

Wanda bai taɓa bin gaɓar kanal da lodi ba zai ɗauka tafiya ce a shimfiɗe, tunda ƙasarmu ba tudu. Hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba a wasu wuraren. Dama ruwa ne mai gudu a cikin siminti mai santsi, hagu gangare ne zuwa gonar wani. Tarakta ta bi da damina ta bar kwari, rana ta busar da shi ya yi tauri, ga ƙaya. A baya kwando biyu ne, wani lokacin uku, an ɗaure da robar tsohuwar taya, nauyinsu yana neman ɗaga ƙafar gaba sama, sai mutum ya kwanta a kan keken yana danne ta da ƙirji. Iskar hunturu tana dukan fuska, yatsu sun ƙage. In kaca ta zame a nan, ba wurin jingine keke, dole ka riƙe ta da kafaɗa ka mayar da hannu ɗaya. Baffa yakan gane inda mutum ya fito daga irin facin da ya kawo. Ya taɓa duban wata taya ya ce wa mai ita, "Malam, ka bar bin ta bayan gonar rake, wannan hujin ba na ƙusa ba ne."

Na ga hotunan Turawa da ke biyan kuɗin jirgi zuwa tsibirin Tenerife na Sifen don su hau keke a jikin Teide, dutsen aman wuta mai tsayin sama da mita 3,700. Keken hawan dutsen da suke alfahari da shi, a Kalifoniya aka faro shi a shekarun 1970, lokacin da wasu samari suka ɗauki tsofaffin kekuna masu nauyi suka ƙarfafa su don gangaren dutse. Shekarun nan ne dai masu walda na Kura da Chiromawa suke irin wannan aiki, sai dai su ba wanda ya ɗauke su hoto, kuma mahayinsu in ya faɗi, asarar kwando uku ce a kansa.

Babur ɗin Jincheng, sannan Boxer, su suka ƙwace lodin tun daga farkon shekarun 2000. Masu faci da yawa suka koma gyaran babur, masu hayar keke da yara ke koya a wurinsu suka watse. Ko da masana'antar tumatir ta Ɗangote ta buɗe a Kadawa a 2016, shekarar da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir, motoci da babura ne a ƙofarta. Amma tun da aka cire tallafin fetur a 2023, ana ta sauko da tsofaffin Phoenix daga saman rumbu, 'yan ƙwadago masu zuwa dashen shinkafa sun koma feda, masu facin da suka rage kuma sun ƙara kuɗin huji.