Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Yadda Shafin Inshorar Obama Ya Durƙushe A 2013, Da Yadda Aka Tashe Shi

Tarihinmu na wannan makon daga Amurka ya fito, kuma bai tsufa sosai ba.

Ranar 1 ga Oktoba, 2013, gwamnatin Amurka ta buɗe wani shafin intanet mai suna HealthCare.gov domin jama'a su riƙa sayen inshorar lafiya ta cikinsa. Miliyoyin mutane suka yi masa dafifi tun daga ranar farko. Da aka zo lissafi, mutum 6 kacal ne suka iya kammala rajista a wannan rana. Zuwa ƙarshen rana ta biyu adadin ya kai 248. Waɗannan alƙaluma sun fito ne daga takardun tarurrukan cikin gida, waɗanda wani kwamitin Majalisar Wakilai ya fitar a ƙarshen watan.

Shafin shi ne ƙofar shiga babbar dokar lafiya da Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu ranar 23 ga Maris, 2010. Dokar ta ce daga farkon 2014 kamfanin inshora ba shi da ikon korar mutum don yana da tsohuwar cuta, ta kuma wajabta wa mafi yawan jama'a mallakar inshora ko su biya tara. A ƙasar da jinyar 'yan kwanaki a asibiti kan iya talauta iyali, mai ciwon suga ko ciwon daji da aka daɗe ana mayar da shi ya ƙagara wannan rana ta zo. Jihohi 36 ne suka dogara da shafin na tarayya, sauran suka gina nasu. Idan ƙofar ta ƙi buɗuwa, dokar ta zama takarda kawai.

Kafin mu shiga abin da ya faru, bari mu fahimci yadda irin wannan shafi yake a gine. Ku ɗauke shi kamar gida. Abin da kake gani a fuskar waya ko kwamfuta, wato rubutu da hotuna da wuraren dannawa, shi ne zaure. Ainihin aikin a cikin gida ake yin sa, inda baƙo ba ya shiga: can ake duba ko kai wane ne, a yi lissafi, a adana bayananka a rumbu. Tsakanin zaure da cikin gida akwai ɗan aike, wanda masu wannan sana'a ke kira API. Shi ke karɓar tambaya daga zaure ya kai ciki, ya dawo da amsa. Ita kanta amsar tana zuwa da lamba: 200 na nufin komai lafiya, 500 na nufin wani abu ya lalace a ciki, 503 na nufin cikin gidan ba zai iya amsawa a yanzu ba, 504 kuma an jira amsa har an gaji. Manyan kwamfutocin da ke ɗauke da wannan cikin gida, waɗanda ake kira sabobi, a yau galibi hayarsu ake yi daga wani kamfani ta intanet. Wannan haya ita ake yi wa laƙabi da gajimare.

Zauren HealthCare.gov, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Development Seed ya taimaka wajen ginawa, yana buɗuwa lafiya ƙalau. Ciwon yana cikin gida. Kamfanin CGI Federal ne ya gina babbar kasuwar da ake zaɓar inshora. Kamfanin QSSI ya gina ƙofar buɗe asusu, da kuma wata cibiyar musayar bayanai da ke tura tambaya zuwa hukumar haraji, da hukumar kula da fansho da lambar shaidar 'yan ƙasa, da ma'aikatar tsaron cikin gida, domin a tabbatar da kuɗin shigar mutum da matsayinsa a ƙasar. Sabobin kuwa na kamfanin Terremark ne, wanda a lokacin reshe ne na Verizon. Ban da waɗannan akwai wasu 'yan kwangila da dama. Nauyin haɗa dukkan guntayen ya faɗa kan hukumar gwamnati ta CMS, wadda ta ƙware a tafiyar da inshorar tsofaffi da marasa galihu, amma ba ta saba jagorantar ginin manhaja mai wannan girma ba.

An yi gargaɗi tun da wuri. A bazarar 2013 kamfanin ba da shawara na McKinsey ya shaida wa jami'an gwamnati cewa lokacin da aka ware domin gwada tsarin daga farko har ƙarshe bai isa ba. Haka kuwa aka yi. 'Yan kwangilar da kansu sun faɗa wa majalisa daga baya cewa sai a makonni biyu na ƙarshe aka haɗa guntayen aka gwada su tare. Jaridar Washington Post ta ruwaito cewa a wani gwaji da aka yi kwanaki kaɗan kafin buɗewa, shafin ya sume da aka kwaikwayi shigar mutane ɗaruruwa kaɗan a lokaci guda. Duk da haka aka buɗe a ranar da aka sa.

Wata shawara da aka yanke a ƙurarren lokaci ta ƙara dagula lamarin. Da farko an tsara mutum ya iya leƙa farashin inshora ba tare da ya buɗe asusu ba, kamar yadda ake zaga kasuwa a taya kaya a wuce. Makonni kaɗan kafin buɗewa aka rufe wannan hanya, aka ce kowa sai ya yi rajista tukuna. Ke nan mai saye da mai kallo duk suka taru a ƙofa ɗaya. Todd Park, babban jami'in fasaha na gwamnatin Obama, ya ce sun yi tsammanin mutum 50,000 zuwa 60,000 a lokaci guda, sai ga kusan 250,000. Ƙofar buɗe asusu ta cushe, waɗanda suka samu suka kutsa kuma suka tarar da wasu matsalolin suna jiransu a gaba.

A makonnin farko jami'ai sun riƙa cewa yawan jama'a ne kawai, wai alama ce ta karɓuwa. Aka ƙara sabobi, ciwon bai warke ba. Ranar 21 ga Oktoba Obama ya fito a Fadar White House ya amsa cewa shafin ba ya aiki yadda ya kamata, har ya karanta lambar wayar da za a kira a yi rajista. Ranar 24 ga wata wakilan kamfanonin suka gurfana gaban kwamitin majalisa, kowanne yana cewa nasa ɓangaren ya yi aiki a gwajin da aka yi masa. Wataƙila ma gaskiya kowa ya faɗa, domin matsalar tana a mahaɗar guntayen, inda babu wanda ya ɗauka nasa ne. Ranar 27 ga wata kuma hanyar sadarwar Terremark ta katse, cibiyar musayar bayanai ta tsaya, abin ya shafi har jihohin da suka gina nasu shafukan. Ranar 30 ga wata, lokacin da ministar lafiya Kathleen Sebelius ke ba da bahasi a majalisa, shafin a kwance yake. A watan Oktoba gaba ɗaya, waɗanda suka zaɓi inshora ta shafin tarayya ba su kai 27,000 ba.

Ana cikin haka fadar shugaban ƙasa ta ɗora wa Jeff Zients, tsohon jami'in ofishin kasafin kuɗi, alhakin ceto aikin. Todd Park ya tattaro wasu injiniyoyi 'yan ƙalilan daga kamfanoni masu zaman kansu. Cikinsu akwai Mikey Dickerson na Google, wanda sana'arsa ita ce tabbatar da cewa manyan shafuka ba su faɗi ba. Suka tare a wata cibiyar aiki da ke garin Columbia na jihar Maryland.

Abin da suka fara ganowa ya fi kowane kuskuren manhaja ban mamaki. Babu allo guda da zai nuna halin da tsarin yake ciki gaba ɗaya: mutum nawa ne a ciki yanzu, wace tambaya ce take jinkiri, amsa nawa ce ke dawowa da lambar kuskure. Dickerson ya sha ba da labarin cewa a lokacin ta tashar CNN ake jin cewa shafin ya faɗi. Makonni uku ana ba mara lafiya magani ba a auna zafin jikinsa ba. Don haka aikin farko da suka yi shi ne kafa allon sa-ido, da manhajar wani kamfani mai suna New Relic, suka ɗora shi a manyan talabijin inda kowa zai gani. Gani ya kori ji. Daga ranar, musu kan wane ne mai laifi ya fara raguwa, domin allon na nuna inda tambaya take maƙalewa da daƙiƙa nawa take ɓatawa a wurin.

Da ido ya buɗe, sai manyan matsalolin suka fito fili. Ɗaya daga cikinsu ita ce duk tambayar da aka yi, komai ƙanƙantarta, sai an je har babban rumbun bayanai an ɗauko amsa, ko da dubban mutane sun riga sun yi irinta a wannan sa'a. Kamar mai shago ne da ke zuwa sito duk lokacin da aka nemi ashana, alhali zai iya ajiye kwali ɗaya a kan kanta. Manyan shafuka sukan ajiye amsoshin da aka fi nema a wata ma'ajiyar kusa. Injiniyoyin suka saka wannan, kuma kamar yadda ɗan jarida Steven Brill ya ruwaito a mujallar Time, a daren 22 ga Oktoba lokacin buɗuwar shafi ya sauko daga daƙiƙa 8 zuwa 2.

Sai kuma gyaran yadda mutane ke aiki. Ranar 25 ga Oktoba Zients ya ba QSSI jagorancin dukkan 'yan kwangila, ya kuma yi alƙawarin cewa zuwa ƙarshen Nuwamba shafin zai yi wa mafi yawan jama'a aiki. Dickerson ya riƙa jagorantar taro sau biyu a rana, ƙarfe 10 na safe da 6:30 na yamma, a tsaye ake yin sa, ga layin waya a buɗe dare da rana ga waɗanda ke wasu wurare. Ya liƙa ƙa'idoji uku a bango. Ta farko, ɗakin na warware matsala ne, mai neman wanda zai ɗora wa laifi ya nemi wani wuri. Ta biyu, wanda ya fi sanin matsalar shi zai yi magana, ko da shi ne ƙarami a muƙami. Ta uku, a tsaya kan abin da zai yi ɓarna cikin kwana ɗaya ko biyu masu zuwa. Amfanin ƙa'ida ta farko a bayyane yake: injiniyan da ke tsoron a ci kamfaninsa tara ba zai ɗaga hannu ya ce daga ɓangarensa matsalar take ba, ita kuwa matsalar da aka ɓoye ba ta gyaruwa.

Akwai wata cuta da ta fi faɗuwar shafi haɗari, domin ba ta da hayaniya. Idan mutum ya gama zaɓe, tsarin kan aika wa kamfanin inshora wata takardar lantarki da ake kira fom 834, mai ɗauke da sunansa da iyalinsa da irin inshorar da ya zaɓa. A fuskar kwamfuta mutum zai ga an ce ya kammala, amma a can wajen kamfanin fom ɗin ya iso da kuskure, ko ya zo sau biyu, ko bai iso ba sam. A watan Disamba hukumar CMS ta amsa cewa kusan ɗaya cikin huɗu na fom ɗin Oktoba da Nuwamba na da matsala. Mutum na iya zuwa asibiti a Janairu da yaƙinin yana da inshora, a duba a ce ba a san shi ba. Allon sa-ido ba ya kama irin wannan, domin amsar ta dawo da lambar lafiya. Sai da aka zauna ana gwama abin da aka aika da abin da kamfanoni suka karɓa.

Ranar 1 ga Disamba gwamnati ta fitar da rahoton ci gaba. An yi gyare-gyare sama da 400. Lokacin amsawa ya koma ƙasa da daƙiƙa 1. Kurakurai sun sauko daga kusan kashi 6 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 1. Shafin da a farkon Nuwamba yake tsaye kusan kashi 43 cikin 100 na lokaci, yanzu ya haura kashi 90. Aka ce zai iya ɗaukar mutum 50,000 a lokaci guda, da 800,000 a rana. Aka kuma yi tsarin layi: idan gida ya cika, sai ka bar adireshin imel a kira ka in an samu sarari.

Zuwa Afrilun 2014 mutum miliyan 8 sun yi rajista ta shafin tarayya da na jihohi. Amma an biya farashi. An maye gurbin CGI Federal da kamfanin Accenture a farkon shekarar, Sebelius ta sanar da ajiye aiki a Afrilu, ofishin binciken kuɗi na majalisa kuma ya ƙiyasta cewa zuwa Maris 2014 an ɗaure dala miliyan 840 a kan tsarin. A watan Agusta Obama ya kafa sabon sashen ayyukan fasahar zamani a fadarsa, ya naɗa Dickerson shugabansa na farko.

Matashin da ya gina ƙaramin API a kwamfutarsa, ya ga yana aiki, ya ɗora shi a gajimare ya tarar da lambar 500, yana tsaye ne a inda waɗancan injiniyoyi suka tsaya, sai dai nasa gidan ƙarami ne. Kwamfutarsa mutum ɗaya take yi wa hidima, rumbun bayanai na kusa da ita, makullan sirri duk suna wurinsu. A gajimare kowanne daga cikin waɗannan na iya canzawa. Jerin da aka bi a Maryland shi ne zai fisshe shi: ya fara buɗe rajistar da sabar ke rubuta abin da ya faru, ya ga ainihin inda tambaya ta mutu kafin ya taɓa komai, ya gyara matsalar da ta fi yawan aukuwa, ya sake aunawa, sannan ya je ɓangaren mai karɓa ya tabbatar abin da ya isa shi ne abin da aka aika.