Kwalara: daga kogi zuwa rijiyoyin Sanam da Kurfai

Kwalara, wadda aka fi sani da cutar amai da gudawa, ƙwayar cuta ce mai suna Vibrio cholerae ke haddasa ta. Ana ɗaukar ta ne ta hanyar shan ruwa ko cin abincin da kashin mai cutar ya gurɓata. Ƙwayar na iya rayuwa a kogi da tabki, tana maƙale da ƴan ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani.

Yadda ta shigo Nijar

Annobar da duniya ke fama da ita yanzu ta faro ne a ƙasar Indonesiya a 1961. Ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta bi kogin Isa daga Mali ta shigo Nijar. Tun daga lokacin, garuruwan bakin kogi a jihar Tilaberi na cikin wuraren da cutar ta fi yawan komawa, domin a kogin ake wanka da wanki da shayar da dabbobi, a nan kuma ake ɗebo ruwan sha. A Yamai ma, ƙoramar Gunti Yena na kwarara ƙazantar unguwanni cikin kogin.

A 2012 sama da mutum 5,000 suka kamu a Nijar, akasarinsu a jihar Tilaberi. A 2018 annobar ta fi ƙamari a jihar Maraɗi, musamman Madarunfa. A 2021 kuwa ta bazu a jihohi 7 daga cikin 8, ta kama sama da mutum 5,500, ta kashe fiye da 160.

Me ya shafi Sanam?

Sanam, da ke cikin gundumar Abala, tana nesa da kogi, haka ma Filinge da sauran ƙasar Kurfai. Amma nisan ba kariya ba ne. Yawancin waɗanda suka ɗauki ƙwayar ba sa jin ciwon komai, alhali suna fitar da ita a bayan gida har tsawon kwana 10. Ɗan kasuwa ko matafiyin da ya sha ruwan kogi zai iya isowa gida lafiya lau da ƙwayar a cikinsa.

Idan babu masai, ruwan sama kan wanke kashin da aka yi a fili ya kai shi tabki ko rijiyar da ba ta da murfi. A kwarin Dallol Boso, inda Filinge take, ruwa na kusa da ƙasa, saboda haka rijiyoyi marasa zurfi na saurin gurɓata. Guga da igiyar da aka yasar a ƙasa, da moɗar da kowa ke tsomawa a randa, su ma hanya ce.

Alamomi da magani

Alamun kan bayyana tsakanin awa 12 da kwana 5: gudawa tsululu mai kama da ruwan wankin shinkafa, amai, ƙishirwa mai tsanani, faɗawar idanu da murɗewar jijiyoyi. Dafin ƙwayar ne ke sa hanji zubar da ruwa da gishirin jiki, har babban mutum na iya rasuwa cikin ƴan awoyi. Idan aka yi magani da wuri kuwa, waɗanda ke mutuwa ba su kai 1 cikin 100 ba.

Maganin farko shi ne mayar da ruwan da jiki ya rasa. A ba marar lafiya ruwan gishiri da sukari na SRO. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta. A riƙa ba shi a kan hanyar zuwa likita, kada a jira gari ya waye. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jariri nono.

Rigakafi

A tafasa ruwan sha, ko a saka ƙwayar Aquatabs a jira minti 30. Tace ruwa da ƙyalle na rage haɗari: a Bangaladesh, tacewa da zane mai ninki 4 ta rage masu kamuwa da kusan rabi, sai dai ba ta kai tafasawa ba. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga masai da kuma kafin cin abinci. Gawar wanda kwalara ta kashe na yaɗa cutar, don haka a nemi ma'aikatan lafiya kafin a yi mata wanka. Akwai kuma rigakafin da ake sha ta baki, wanda hukumar OMS ta amince da shi, ana raba shi idan annoba ta ɓarke.